Jagorar ba 'yan makaranta maganin tsutsar ciki a Sakkwato

Ƙwayar maganin tsutsar ciki tana kashe abin da ta tarar a hanjin yaro ne kawai. Ba rigakafi ba ce, ba ta barin wata kariya a jiki. Yaron da ya sha yau, in ya koma wasa a filin da ake bahaya, ya ci abinci bai wanke hannu ba, zai sake ɗauka. A 2012 masana sun tattara binciken da aka yi a ƙasashe da dama, suka ga cewa shekara ɗaya bayan shan magani, yawan masu macijin ciki ya koma kashi 94 cikin 100 na yadda yake tun farko, na masu tsutsa mai ƙugiya kuma ya koma kashi 57. Saboda haka makarantar da aka raba wa magani sau ɗaya shekara uku da suka wuce, yau kusan ɗaya take da wadda ba a taɓa zuwa ba. Aikin na shekaru ne a jere. Manomin da ya yi noman farko ya ƙi maimai ya san abin da ciyawa za ta yi wa geronsa.

To in yaro zai sake ɗauka, me ya sa za a wahala? Saboda cutarwar tana ga yawan tsutsar ne. Mai tsutsa biyu ko uku yana iya yawonsa lafiya lau. Wanda suka taru a cikinsa shi ne za ka gani da ƙaton ciki da siraran hannuwa, in ka ja fatar idonsa ta ƙasa ka ga fari fat, yana gyangyaɗi a aji tun kafin a fita tara. Tsutsotsin da ake wannan aiki dominsu ba sa hayayyafa a cikin jikin mutum, kowace ɗaya daga waje ta shigo. Maimaita magani a kan kari shi ke hana su taruwa a shekarun da yaro ke girma.

Wannan jagora ta hedimasta ce, da malamin da ke kula da lafiyar yara, da 'yan kwamitin kula da makaranta, da malamin allo, da duk uwa ko uban da ke son sanin abin da ake ba ɗansa.

Mataki na farko: ku san abin da ke damun yaran yankinku

Tsutsotsin da ake ɗauka daga ƙasa manyansu uku ne. Macijin ciki shi iyaye suka fi sani, don suna ganinsa a bahaya, wani lokaci a amai. Tsawonsa kan kai santimita 35, macen kuma kan zuba ƙwai wajen 200,000 a rana. Ƙwan sai ya yi mako biyu zuwa uku a ƙasa mai laima kafin ya iya cutarwa, sannan ya bi dattin hannu, ko latas da karas da yalon da ba a wanke ba, ya shiga baki. In suka yi yawa suna iya dunƙulewa su toshe hanji. Ta biyu siririya ce mai siffar bulala, a babban hanji take zama, in ta yi yawa sai zawo mai jini, har dubura ta zazzago. Ta uku ita ce mai ƙugiya, wadda 'ya'yanta ke huda fatar ƙafar mai yawo ba takalmi, su je su kama bangon hanji suna shan jini. Ita ce ke jawo ƙarancin jini, kuma 'yan mata da suka fara al'ada su suka fi jin jiki.

Sakkwato tana da nata yanayin. Zafin da ake yi daga Maris zuwa Mayu da bushewar ƙasa suna kashe ƙwai da yawa, shi ya sa waɗannan tsutsotsi ba su kai yawan da suke da shi a kudancin Najeriya ba. Amma duk inda ruwa ke kwanciya labari ya canja: fadamun gulbin Rima da gulbin Sakkwato, kewayen dam ɗin Goronyo, gonakin rani na Wurno, tafkin Kware, da kududdufan da aka haƙi ƙasar gini a bayan gari. A irin waɗannan wurare tsargiya, wato fitsarin jini, ta fi zama abin damuwa. Mai ita ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar da ke jawo ta su ƙyanƙyashe su shiga jikin dodon koɗi, daga nan su fito su huda fatar duk wanda ya shiga wanka ko wanki ko kamun kifi. Da tsakar rana suka fi fitowa, daidai lokacin da yara ke faɗawa ruwa.

Har yanzu akwai gidajen da ake ɗaukar jini a ƙarshen fitsarin yaro alamar balaga. Ba haka ba ne. Ƙwan tsutsa ne ke raunata mafitsara, in aka bar shi shekaru yana lalata ƙoda, yana iya kaiwa ga sankarar mafitsara, ga mata kuma yana taɓa mahaifa da al'aura. Malami yana iya gane halin da ake ciki ta hanya mai sauƙi: ya tambayi yaran aji ɗaya bayan ɗaya, a keɓe, ko suna ganin jini a fitsari. 'Yan mata malama ce za ta tambaye su. Adadin da aka samu shi za a kai wa jami'an lafiya.

Mataki na biyu: ku nemi jami'in ƙaramar hukuma

Makaranta ba ta sayen magani a kemis ta raba da kanta. A kowace daga cikin ƙananan hukumomi 23 na jihar akwai sashen lafiya, kuma a nan ake samun jami'in da ke kula da cututtukan da aka yi sakaci da su. Hedimasta ya bi ta wajen sakataren ilimi ko mai kula da asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarsa ya tambayi abu uku: ko yankin yana cikin shirin, wane magani ake bayarwa, kuma yaushe ne zagaye na gaba.

Amsar ta dogara ga gwajin bahaya da fitsari da aka yi wa yaran yankin. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce, inda kashi 20 cikin 100 na yara ko fiye ke da tsutsar ciki, a ba kowa sau ɗaya a shekara, in sun kai kashi 50 a bayar sau biyu. In ba su kai kashi 20 ba, wanda gwaji ya nuna yana da ita kawai ake yi wa magani. Ga tsargiya, ƙa'idar 2022 ta ce inda aka kai kashi 10, a ba kowa daga shekara 2 zuwa sama, sau ɗaya a shekara. Don haka kada ku yi mamaki in ƙauyen fadama ya samu magani, na kan tudu bai samu ba.

Maganin kyauta ne. Kamfanonin GSK da Johnson & Johnson da Merck ne ke ba da shi gudummawa ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya, ya bi ta Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya zuwa jiha, ƙungiyar Sightsavers kuma ta daɗe tana tallafa wa irin wannan aiki a Sakkwato. Duk wanda ya nemi iyaye su biya ko sisi, a kai ƙararsa.

Mataki na uku: ku ƙidaya yara, har waɗanda ba sa zuwa aji

Nan ne aikin ya fi lalacewa, kuma nan nake so mai karatu ya fi tsayawa. Tun 2001 babban taron lafiya na duniya ya sa mizanin a kai ga kashi 75 cikin 100 na yaran da suka isa makaranta, wato 'yan shekara 5 zuwa 14. Mizanin na duk yaran gari ne, masu zuwa boko da waɗanda ba sa zuwa.

A ce rajistar makaranta na da yara 400, aka ba 340. A takarda kashi 85 ke nan, kowa zai ce madalla. Amma in yaran garin masu wannan shekaru 700 ne, to ko rabi ba a kai ba. Sauran su ne almajiran tsangaya, da 'yan matan da ke tallar fura da ƙosai, da yaran da ke kiwo, da 'yan rugar bayan gari, da waɗanda rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan gabashin jihar suna zaune gidajen dangi. Su ne suka fi yawo ba takalmi, su ne suka fi wanka a kududdufi, kuma muddin ba su sha ba, ƙasar da kowa ke takawa za ta ci gaba da cika da ƙwai.

Mako biyu kafin ranar, 'yan kwamiti su zauna da masu unguwanni su rubuta yaran gida-gida. A je wa malaman allo har zaurensu, cikin girmamawa, a nemi adadin almajiransu, a tambaye su lokacin da ya fi musu dacewa. Mafi kyau a kai maganin tsangayar, malam na zaune ana bayarwa. A tura wa arɗo saƙo ta bakin wanda ya sani. Da wannan adadi ake neman magani, a ɗan ɗora kaɗan a kai don waɗanda za su ɓullo daga baya.

Mataki na huɗu: ku yi magana da iyaye kafin magani ya iso

Wanda ya tuna abin da jita-jita ta yi wa rigakafin shan-inna a 2003 ba zai raina wannan mataki ba. A fara da uban ƙasa da hakimi, a roƙi liman ya yi bayani bayan sallar Juma'a, mai shela ya zaga. Mata kuma a same su a islamiyya da gidajen suna, ta bakin malama ko unguwarzoma.

Tambayar da za ku fi ji ita ce irin ta uwar da za ta tare malami a ƙofar gida ta ce, "Malam, ɗiyana lahiyassu lau, mi za su yi da magani?" Tambaya ce mai hankali, a ba ta amsa ta gaskiya: "Inna, yawancin masu tsutsar ba a gani a fuska. Gwada kowane yaro ya fi maganin tsada da wahala, shi kuwa maganin ba ya cutar da wanda ba ya da ita. Wasu za su ji ciwon ciki ko jiri na 'yan sa'o'i, ya wuce." Faɗin wannan tun da wuri shi ke hana tashin hankali in yaro ya dawo gida yana amai. Ya kamata malamai su fara shan nasu a gaban jama'a in jami'in lafiya ya amince. Wanda ya ce ba a ba ɗansa ba, kada a ba shi a ɓoye. A rubuta, a sake komawa da lallashi.

Mataki na biyar: ku zaɓi rana, ku tanadi abinci

Kada a sa rana cikin azumi, ko makon jarrabawa, ko tsakiyar girbi, ko ranar kasuwar yankin. Wanda ya kai magani ƙauyukan Illela ranar Lahadi zai tarar da gari ya watse. Safiya ta fi, don a samu sa'o'in lura da yara kafin a tashi.

Maganin tsargiya ba a shan sa da wofin ciki. A sanar da iyaye kowane yaro ya karya da abu mai nauyi, ɗumamen tuwo ko masa ko fura. Amma mun san akwai yaran da za su zo ba su sa komai a baki ba, kuma kunya ba za ta bar su su faɗa ba, musamman almajirai. Kwamiti ya haɗa kuɗin tukunyar kunu da ƙosai, kowa ya sha kafin a fara. A tanadi ruwan sha mai tsabta, kofuna, sabulu, tabarma a inuwa, da rajista. A duba ranar lalacewar magani a jikin gwangwani. Jami'in lafiya ya kasance a wurin, ko a san lambarsa da mai babur ɗin da zai kai yaro asibiti.

Mataki na shida: ranar bayarwa

A fara ware waɗanda ba za su sha ba a ranar: mai zazzaɓi, mai amai ko zawo, da duk wanda ke jin jiki, sai sun warke. Mai farfaɗiya ko wanda ya taɓa yin jijjiga ba a ba shi maganin tsargiya sai likita ya gani. Mai sikila ko wata cuta mai daɗewa a bar wa jami'in lafiya shawara. Mai ciki a watanni ukun farko ba ta shan maganin tsutsar ciki, kuma tunda a manyan azuzuwa akan samu masu aure, malama ta tambaye su a keɓe.

Maganin tsutsar ciki ƙwaya ɗaya ce ga kowane ɗan makaranta, ko mebendazol mai miligiram 500 ko albendazol mai miligiram 400, a tauna a kora da ruwa. Na tsargiya, firazikwantel, ƙwayarsa miligiram 600 ce, kuma da sandar awon tsawo ake sanin adadi. Yaro ya cire takalmi da hula, yarinya ta sassauta ɗaurin ɗankwali, a jingina da sanda a kan daɓe mai daidai. Daga santimita 94 zuwa 109 ƙwaya ɗaya, 110 zuwa 124 ɗaya da rabi, 125 zuwa 137 biyu, 138 zuwa 149 biyu da rabi, 150 zuwa 159 uku, 160 zuwa 177 huɗu, daga 178 zuwa sama biyar. Wanda bai kai 94 ba a tura shi asibiti. Wannan ƙwaya tana da ɗaci sosai, haɗiye ta ake yi ɗaya bayan ɗaya, ba a taunawa.

Mutum uku suka fi dacewa a tebur: mai awo, mai miƙa magani, mai rubutu. Yaro ya sha a gaban malami, ya buɗe baki a gani. Za ka ga wani ya ɓoye ƙwayar a kumatu, ya yi kamar ya haɗiye, yana zagawa bayan aji ya tofar. Wani kuma zai dunƙule ta a hannu ya ce zai kai wa ƙanensa. Ba a ba kowa ya tafi da shi gida. Kada a toshe wa yaro hanci ko a danne shi a ɗura masa, domin shaƙewa da ƙwaya ita ce hatsarin da ya fi girma a wannan aiki. Ƙananan da ba su kai shekara 3 ba murƙushe musu ake yi a ruwa, kuma nasu ya fi dacewa a asibiti, a makon lafiyar mata da yara, inda 'yan wata 12 zuwa 23 ke shan rabin ƙwayar albendazol.

A rubuta nan take: suna, shekaru, namiji ko mace, tsawo, ƙwaya nawa, ɗan makaranta ne ko na waje. Wanda bai sha ba a rubuta dalili.

Mataki na bakwai: sa'o'i da kwanakin da ke biye

A riƙe yara a makaranta kamar awa biyu. Ciwon ciki, tashin zuciya, jiri da ciwon kai sukan zo, sun fi zuwa wa masu tsutsa da yawa, kuma kwanciya a inuwa da shan ruwa kan wadatar. A janye mai amai daga idon sauran, don tsoro na yaɗuwa a aji da sauri. In yaro ya amayar da ƙwayar nan take, a rubuta, jami'in lafiya ya yanke abin da za a yi. Wahalar numfashi, kumburin fuska, jijjiga, ko amai da ya ƙi tsayawa, asibiti kai tsaye. Mai tsananin ciwon ciki da kumburi a kai shi babban asibitin ƙaramar hukuma, in ya gagara a wuce Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

A gaya wa iyaye za su iya ganin tsutsa a bahaya kwana ɗaya ko biyu, rashin ganinta kuma ba ya nufin magani bai yi ba. Cikin mako a sa rana ta biyu don waɗanda suka yi fashi. Ragowar magani a mayar da shi tare da rahoto, makaranta ta riƙe kwafinta.

Ba kowace tsutsa ce ƙwaya ɗaya ke gamawa da ita ba. Mai siffar bulala tana da taurin kai. Tsila, wadda ake samu daga naman shanu da bai dahu ba, maganinta daban ne. Yaron da ke sosa dubura da dare yana buƙatar a maimaita masa bayan mako biyu, a haɗa da 'yan gidansu. Duk waɗannan na asibiti ne. Kuma don Allah kada a gutsura wa yaro maganin tsutsar tumaki da awaki, ko da sunan ya zo ɗaya, don awonsa na dabba ne.

Mataki na takwas: tsakanin zagaye da zagaye

Makarantar da ba ta da masai, yaranta bayan aji za su tsuguna, kuma nan za su yi wasa gobe. Masai mai murfi, na mata daban, da wanda aka ɗora wa alhakin wanke shi, ya kamata ya zama buƙatar farko da kwamiti zai kai gaban hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Kafin a samu, rami mai zurfi da zana ya fi fili. Jihar Jigawa, mai yanayi irin namu, an ayyana ta a 2022 a matsayin jiha ta farko da ta daina bahaya a fili. Buta da ruwa kaɗai ba sa cire ƙwai daga hannu, sai da sabulu, in babu a sa toka. A duba akaifa da takalmi a layin safe ba tare da kunyata wanda iyayensa ba su da hali ba. Kashin jarirai a zuba shi a masai. A garuruwan bakin ruwa, hana yara shiga gulbi cikin zafin Afrilu ba zai yiwu da baki kawai ba, amma ana iya hana fitsari a ruwa, kuma ruwan da aka ɗebo aka ajiye kwana biyu ya zama lafiya ga wanka.

Mataki na tara: abin da za ku sa rai, da shekara ta biyar

Kada a yi wa iyaye alkawarin cewa yaro zai zo na ɗaya a aji. A Busiya ta ƙasar Kenya, inda sama da kashi 90 na yara ke da tsutsa, aikin da aka fara a makarantu 75 a 1998 ya rage fashin makaranta da kashi ɗaya cikin huɗu, kuma bayan shekara 20 aka ga waɗanda suka sami ƙarin shekaru biyu zuwa uku na magani suna samun kuɗin da ya fi na sauran da kashi 13 a kowace awa ta aiki. Sai dai nazarin 2019 na ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken lafiya, ya ce in aka ba kowa da kowa, matsakaicin canji a nauyi da jini da fahimta kaɗan ne ko babu. A ganina duka biyun suna da gaskiya. Amfanin yana taruwa ne ga 'yan tsirarun da tsutsa ta cika, kuma a ƙasa mai bushewa irin tamu su ne 'yan fadama da 'yan tsangaya, waɗanda aka fi tsallakewa.

Bayan shekara biyar ko shida ana kaiwa kashi 75, ƙa'ida ta ce a sake gwajin bahaya da fitsari. In masu tsutsar ciki sun koma tsakanin kashi 10 da 20, sau ɗaya a shekara ya isa. In sun yi ƙasa da 10, sai duk shekara biyu. In har yanzu rabin yara na da ita, akwai abin da ya lalace, ko a ƙidaya ko a tsabta, kuma sai an ƙara zagaye. Gwajin yana taimakawa a gane ko magani ya fara rage ƙarfi, abin da makiyaya suka riga suka gani a dabbobi. Kwamiti ya rubuta wa jami'in ƙaramar hukuma ya nemi wannan gwaji, ya haɗa da alƙaluman kowace shekara. Hedimastan da aka yi wa canjin wurin aiki kuma ya miƙa rajistar hannu da hannu ga wanda ya gaje shi, tare da watan zagaye na gaba da lambar jami'in.